Émile Bernard, matashin da ya buga rayuwar ƙauyawan Bretagne a takarda

A shekarar 1889, lokacin da birnin Paris ke bikin buɗe hasumiyar Eiffel, akwai wani kundin hotuna ajiye a wani shagon shan kofi da ke cikin filin baje kolin duniya. Ba a rataye shi a bango ba, sai wanda ya tambaya ake ɗauko masa. A ciki akwai matan ƙauye suna shanya wanki, wasu suna aikin gona, wasu suna ba aladu abinci, ga kuma jama'a a wajen biki. Wanda ya zana su saurayi ne ɗan shekara 21 mai suna Émile Bernard. Kundin, wanda ya sa wa suna Les Bretonneries, bai yi kasuwa ba a lokacin. Yau kuwa manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka ne ke adana shafukansa.

Bernard ya yi aikin da duniya ta san shi da shi tun gemu bai cika masa fuska ba. Yana ji yana gani aka jingina wannan aiki ga wanda ya girme shi da shekara 20, shi kuma ya ƙare sauran rayuwarsa yana neman a mayar masa da haƙƙinsa.

Ɗan mai sayar da yadi

An haife shi ranar 28 ga watan Afrilun 1868 a Lille, birnin masaƙu da ke arewacin Faransa. Mahaifinsa ɗan kasuwar yadi ne, kuma bai ɗauki zane a matsayin sana'ar da za ta riƙe gida ba. Kakarsa, wadda ke da gidan wanki da guga a Lille, ita ce ta tsaya masa tun yana yaro. Iyalin sun koma Paris a 1878. A 1884, yana ɗan shekara 16, ya shiga ɗakin koyon zane na Fernand Cormon, inda ya haɗu da Louis Anquetin da Henri de Toulouse-Lautrec.

Zamansa a wurin Cormon bai yi tsawo ba. A 1886 malamin ya kore shi saboda taurin kai da ƙin bin tsarin da ake koyarwa. Sai yaron ya ɗauki jakarsa ya shiga yawo da ƙafa, ya ratsa yankin Normandie ya faɗa Bretagne, ya yi watanni yana kwana a ƙananan masaukai yana zana abin da ya gani. A garin Concarneau ya gamu da wani mai zane, Émile Schuffenecker, wanda ya haɗa shi da takarda zuwa ga wani abokinsa da ke zaune a Pont-Aven, Paul Gauguin. Gauguin bai ba yaron fuska ba a wannan karon.

Da ya koma Paris, abotarsa ta yi ƙarfi da wani baƙo ɗan ƙasar Holand, Vincent van Gogh. Sukan yi zane tare a Asnières, a bakin kogin Seine, inda iyayen Bernard ke zaune. A 1887 shi da Anquetin suka fara gwada wani salo: a zagaye kowane abu da baƙin layi mai kauri, a cika cikinsa da launi guda shimfiɗe, babu inuwa. Sun ɗauko dabarar daga hotunan da Japanawa ke bugawa da katako, da gilasai masu launi na tagogin tsofaffin majami'u waɗanda ake haɗa su da darma, da kuma hotuna masu araha na garin Épinal da talakawa ke mannawa a ɗakunansu. A 1888 marubuci Édouard Dujardin ya raɗa wa salon suna cloisonnisme, daga kalmar Faransanci da ke nufin shinge.

Yankin da Paris ke kallo daga nesa

Bretagne wani zirin ƙasa ne a arewa maso yammacin Faransa da ya kutsa cikin tekun Atlantika. Sunan ya yi kama da Birtaniya domin kakannin mutanen wurin daga can suka ƙetaro teku a ƙarni na 5 da na 6. An haɗe yankin da masarautar Faransa a 1532, amma har ƙarshen ƙarni na 19 mutanen yammacinsa harshensu na Bretonanci suke yi, harshen da ya fi kusa da na mutanen Wales fiye da Faransanci. Manoma ne da masunta, masu riƙo da ɗariƙar Katolika. Mata na sanya baƙaƙen riguna da fararen huluna masu sitaci, kowane gari da irin ɗinkinsa, ta yadda daga hular ake gane garin mace. A ƙafa kuma takalman katako. Kowace shekara kowane gari na da bikin addini da suke kira pardon, inda jama'a ke fitowa da tutoci su zagaya suna neman gafara.

Ga mutanen Paris, waɗannan ƙauyawa ne da zamani ya bari a baya. Masu zane kuwa abin da ya ja su ke nan, haɗe da arahar rayuwa. Tun shekarun 1860, bayan jirgin ƙasa ya isa yankin, masu zane daga Amurka da sauran ƙasashe suka fara sauka a Pont-Aven, wani ƙaramin gari mai injinan niƙa da ruwan kogin Aven ke juyawa. Masaukin Marie-Jeanne Gloanec ya yi suna wajen ba su ɗaki da abinci da rahusa, har da bashi.

Agustan 1888

Bernard ya dawo Pont-Aven a watan Agustan 1888 yana ɗan shekara 20, kuma ƙanwarsa Madeleine ta zo ta same shi. Wannan karon Gauguin ya saurare shi. Gauguin na da shekara 40, tsohon ma'aikacin kasuwar hannayen jari ne da ya bar aikin ya rungumi zane, kuma yana neman hanyar da za ta raba shi da salon Impressionnisme, wato salon su Monet da Pissarro na kama haske da ɗige-ɗigen launi a gaban abin da ake zanawa. Yaron ya zo da amsa: a kalli abu, a juya masa baya, a zana abin da ya saura a zuciya, a zubar da ƙananan bayanai. Suka yi makonni suna aiki kafaɗa da kafaɗa. Salon da ya fito daga wannan zama shi ake kira synthétisme, wato taƙaita abu zuwa ainihinsa.

Zane biyu ne suka zama shaida. Bernard ya zana matan Bretagne zaune da tsaye a kan wani koren fili wanda ba shi da sama ba shi da nisa, sai baƙaƙen riguna da fararen huluna kamar an yanko su an manna. Gauguin ya zana La Vision après le sermon, inda mata masu irin waɗannan huluna ke kallon kokawar Yakubu da mala'ika, kamar yadda labarin ya zo a littafin Kirista, a kan jan fili. Na Bernard yana gidan tarihi na Orsay a Paris, na Gauguin yana Edinburgh. Har yau masana tarihin zane ba su daina muhawara a kan wanda aka fara gamawa ba. Abin da ba a jayayya a kai shi ne, da Gauguin ya tafi Arles wajen van Gogh a watan Oktoba, ya tafi da zanen Bernard, kuma van Gogh ya yaba shi har ya zauna ya kwafe shi da fentin ruwa.

Daga allon fenti zuwa maɗaba'a

Zanen fenti guda ɗaya ne, mai kuɗi ɗaya ke saya ya kai gidansa. Hoton da aka buga kuwa ana iya fitar da shi sau da yawa, a sayar da araha, ya shiga hannun da zanen fenti ba zai taɓa shiga ba. Theo van Gogh, ƙanin Vincent kuma dillalin zane a Paris, ya ƙarfafa wa Gauguin gwiwa ya gwada wannan hanya domin a san shi. A farkon 1889 Gauguin da Bernard kowa ya shirya kundinsa.

Wanda ya taɓa zuwa Ntonso, kusa da Kumasi, ya ga yadda masu adinkra ke sassaƙa hatimi a jikin ƙwarya, su tsoma shi a baƙin rini na ɓawon itace, su danna a kan yadi. A can wurin da ya yi tudu ne ke ɗaukar rini. Hanyar da su Bernard suka bi daban take, domin farantin a shafe yake, ba tudu ba rami. Sirrinta shi ne mai da ruwa ba sa haɗuwa. Mai zane zai yi zanensa da alli ko tawada mai maiƙo, a shafe farantin da ruwan ƙaro da ɗan asid, a jiƙa shi da ruwa, sannan a mirgina tawadar bugu a kai. Tawadar sai ta kama inda aka yi zane kawai, ta ƙi inda ruwa ya zauna. A ɗora takarda, a matse da inji, hoto ya fito a juye, dama ta koma hagu. Wani Bajamushe, Alois Senefelder, ya gano dabarar a 1796, kuma shi da dutse yake yi. Ƙaron da ake wannan aiki da shi daga Sahel yake fitowa: a ƙarni na 19 Faransa na sayen nata ne daga kwarin kogin Senegal, ta tashar Saint-Louis.

Dutsen bugu na da nauyi da tsada. Su Bernard sai suka yi amfani da farantin zinki, irin ƙarfen da ake lulluɓe kwanon rufi da shi don kada ya yi tsatsa. A lokacin ana ganin zinki kayan aikin masu buga tallace-tallace ne. Gauguin ya fitar da hotuna 11 a kan takarda ruwan ɗorawa mai haske, wasu na Bretagne, wasu na tsibirin Martinique da Arles. Bernard ya tsaya a kan Bretagne kaɗai. Layinsa mai kauri ne, fuskokin matan ɗigo biyu ne da ɗan layi, bishiyoyi da gajimare sun zama dunƙule-dunƙule. Wasu kwafin ya bi su da hannu ya sa musu fentin ruwa, shi ya sa da wuya a samu biyu masu launi iri ɗaya. Masu zanen da suka riga shi sukan fito da ƙauyawan Bretagne tsaf-tsaf, kamar an shirya su don ɗaukar hoto. Matan Bernard a duƙe suke, aiki suke yi, ba sa kallon mai kallonsu.

Shagon Volpini

Hukumar baje kolin 1889 ba ta gayyaci su Gauguin zauren zane na gwamnati ba. Schuffenecker ne ya samo dabara. Wani mai suna Volpini ya buɗe shagon kofi, Café des Arts, dab da zauren, kuma maduban da ya yi oda don ƙawata bango ba su iso ba. Schuffenecker ya shawo kansa ya bar su su rufe bangon da zanensu. Masu zane takwas suka rataye ayyuka kusan 100. Bernard ya saka nasa da sunansa, ya ƙara wasu da sunan aro, Ludovic Némo.

Mutum fiye da miliyan 30 suka shiga baje kolin, amma ba zanen matan Bretagne suka zo gani ba. Sun zo hawa hasumiya, da kallon ƙauyukan da aka gina aka zuba ɗaruruwan mutane daga Senegal da Gabon da sauran ƙasashen da Faransa ta mallaka, ana kallonsu suna girki da saƙa. Su Bernard ba su yi ciniki ba. Sai dai wasu ɗaliban zane sun shiga shagon sun fita da sabon tunani, cikinsu har da Maurice Denis da abokansa na ƙungiyar Nabis. Bayan haka wasu suka ɗauki aikin buga hotunan Bretagne: Armand Séguin da ɗan ƙasar Ireland Roderic O'Conor sun yi aiki tare a kan farantan ƙarfe a Le Pouldu a 1893, Henri Rivière kuma ya sassaƙa gaɓar tekun yankin a katako irin na Japanawa.

Rabuwa da Gauguin

Van Gogh ya rasu a watan Yulin 1890, kuma Bernard na cikin 'yan tsirarun da suka je jana'izarsa a Auvers-sur-Oise. Watanni bayan haka ya rasa ɗaya abokin, shi kuma da ransa. Gauguin na neman kuɗin jirgi zuwa Tahiti, ya sa aka yi gwanjon zanensa a Hôtel Drouot ranar 23 ga Fabrairun 1891, jaridu suna ta kururuta shi. A watan Maris mai sharhi Albert Aurier, wanda abokin Bernard ne, ya wallafa maƙala a mujallar Mercure de France ya naɗa Gauguin jagoran sabon salon, bai ambaci Bernard ba. Gauguin bai gyara maganar ba. Ga Bernard, wannan kura da shan bugu ne, gardi da karɓar kuɗi. Gauguin ya tashi a watan Afrilu, kuma ba su sake shiri ba har ya mutu a tsibiran Marquises a 1903.

Adalci dai shi ne a ce kowanensu ya samu wani abu a wurin ɗan'uwansa. Bernard ya zo da tunanin da kuma ƙarfin halin gwada shi. Gauguin ya riƙe salon ya yi shekara 15 yana zurfafa shi, alhali Bernard ya sake shi cikin 'yan shekaru.

Wanda ya ji zafin a manta da shi bai bari an manta da van Gogh ba. A 1892 Bernard ya shirya nunin zanen marigayin a shagon Le Barc de Boutteville a Paris, lokacin da kusan ba mai saye. Daga 1893 ya fara wallafa sassan wasiƙunsa a Mercure de France, kuma a 1911 dillali Ambroise Vollard ya fitar da wasiƙun da van Gogh ya rubuta masa a littafi guda.

Shekara goma a Alƙahira

A 1893 Bernard ya bar Faransa. Ya bi ta Italiya da Istanbul da birnin Ƙudus, ya sauka a Masar, ya zauna a Alƙahira. A 1894 ya auri Hanenah Saati, 'yar asalin Lebanon, har ya zana kansa da rawani. Ƙanwarsa Madeleine ta rasu a birnin a 1895, tarin fuka ya ɗauke ta tana 'yar shekara 24. Ya zana 'yan kasuwar Alƙahira da mata a bakin kogin Nilu, amma hannunsa ya riga ya canza. Ya koma ga inuwa da cikar jiki irin na tsofaffin gwanayen Italiya, ya kuma ƙara riƙo da addininsa na Katolika.

Ya dawo Faransa a 1904, ya bar matarsa a Masar. A hanya ya tsaya a Aix-en-Provence wajen dattijo Paul Cézanne, ya yi kusan wata guda tare da shi. Wasiƙun da Cézanne ya riƙa aiko masa daga nan har rasuwarsa a 1906 suna cikin muhimman abubuwan da ake koyar da ɗaliban zane, musamman wadda ya ba shi shawarar ya riƙa ganin halitta ta siffofi masu sauƙi irin su ƙwallo da ganga. Bernard ya zauna a garin Tonnerre tare da Andrée Fort, 'yar'uwar mawaƙi Paul Fort. A 1905 ya kafa mujallar La Rénovation esthétique, inda ya riƙa sukar sabon zanen zamani, wanda shi kansa yana cikin waɗanda suka buɗe masa ƙofa. Matasa irin su Matisse da Picasso suna gaba, shi yana kiran a koma baya. Aikin bugu kam bai bar shi ba: ya sassaƙa hotunan katako masu yawa ga littattafan da Vollard ya fitar, ciki har da Les Fleurs du mal na Baudelaire a 1916.

A 1939 ya koma Pont-Aven ya ɗan zauna, yana tsoho, a garin da masu yawon buɗe ido suka fi sani da sunan Gauguin. Ya rasu ranar 16 ga Afrilun 1941 a ɗakin aikinsa da ke tsibirin Saint-Louis a tsakiyar Paris, birnin na hannun sojojin Jamus, saura kwana 12 ya cika shekara 73.

Matan da ke cikin hotunan

Masana sun mayar wa Bernard da kaso mai yawa na haƙƙinsa. Gidan tarihi na Pont-Aven, wanda aka buɗe a 1985, da na Indianapolis a Amurka suna nuna ayyukansa kusa da na Gauguin, kuma duk littafin da ke bayanin wannan salo yana ambaton su tare.

Mutanen da aka zana kuwa labarinsu ya bi wata hanya. A shekarun da masu zane ke yaba hulunansu, makarantun gwamnati da dokokin Jules Ferry na 1881 da 1882 suka kafa da Faransanci kaɗai suke koyarwa. A makarantu da yawa, yaron da aka kama yana Bretonanci akan rataya masa takalmin katako ko wani abu a wuya, ya yi ta fakon wani yaron da zai miƙa wa. Sunan abin symbole, kuma dattawan da suka yi lakwal a Maraɗi ko Damagaram sun san shi, domin da shi aka hana su Hausa a aji. A 1902 gwamnatin Émile Combes ta hana limaman coci wa'azi da Bretonanci. Talauci kuma ya kori dubban 'yan matan yankin zuwa Paris aikatau, suna sauka a tashar jirgin ƙasa ta Montparnasse, kamar yadda 'yan matan arewacin Ghana ke sauka a Kumasi su shiga dakon kaya a Kejetia da Race Course. A 1905 wata jaridar yara ta Paris ta ƙirƙiro Bécassine, 'yar aikin gida daga Bretagne mai wauta, aka yi shekaru ana dariya da ita.

A farkon ƙarni na 20 masu jin Bretonanci sun haura miliyan ɗaya. Binciken da aka yi a 2018 ya samu kimanin 200,000, yawancinsu tsofaffi, duk da ƙoƙarin makarantun Diwan da iyaye suka kafa a 1977 don koyar da yara da harshen. Fararen hulunan ma sai ranar biki ake fito da su. Shafukan Les Bretonneries suna cikin abin da ya rage na shaidar yadda matan nan suka yi wanki da girbi. An san wanda ya zana su, an san shekarar, an san shagon da aka fara nuna su. Ko mace ɗaya a cikinsu ba a rubuta sunanta a ƙarƙashin hoton ba.